Anti, ina so in taɓa kuɗin lefe in koma haɗa katun

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ni saurayi ne ɗan shekara 27 a Kano, na yi HND na gama bautar ƙasa shekara biyu kenan, aiki bai samu ba sai yayana ya ja ni shagonsa na kayan waya. Anti ni tun ina firamare zane nake, duk bayan littattafaina zane ne har duka na sha a kai. Burina a duniya in zama mai haɗa katun, in zama darakta, in riƙa fitar da littattafan labari cikin zane irin wanda ake cewa komik amma da Hausa, don haushi nake ji in ga ƙannena sun tasa katun ɗin Turawa da na Indiya a gaba, ko Gizo ba su sani ba. Na rubuta labarin Gizo da Ƙoƙi sun shigo birni, fim ɗin zai kai minti 30. Matsalar Baba ba ya so ko kaɗan, ya ce zanen mai rai haramun ne kuma wasan yara ne, ina aji biyar a sakandare ya taɓa ƙona min littattafan zane guda huɗu, tun daga nan a ɓoye nake yi. Umma ta sani amma ta ce kar in sa ta a ciki. Sannan akwai yarinyar da muke tare shekara 3, an kai kuɗi an sa rana bayan babbar sallah, na tara na lefe miliyan 1 da dubu 400. Kullum zuciyata ce min take in ɗauki kuɗin in sayi laftof da allon zane na kwamfuta, in tafi Legas wani kwas na wata shida, in bar shagon shekara ɗaya in gama fim ɗin, in ya fito kuɗi ya shigo sai a yi bikin. Ita ban faɗa mata ba, yayana ma bai sani ba. Wallahi ba na iya bacci, ji nake in na yi aure yanzu shikenan na binne burin nan har abada. Ki ba ni shawara dan Allah.

Wa alaikumus salam ƙanena. Sau biyu na karanta saƙonka, kuma wurin da ya fi tsaya min a rai shi ne littattafan nan huɗu da aka ƙona. Yaro ɗan sakandare yana tsaye yana kallon abin da ya ɓata shekaru yana yi yana cin wuta, kuma bai daina ba, ya koma yi a ɓoye har yau shekara goma, toh wannan ba sha'awar yarinta ba ce da za a ce za ta wuce, baiwa ce Allah ya ba ka, kuma ba zan ce maka ka yar da ita ba. Amma shirin da ka kawo min, in ka bi shi yadda ka tsara, ina ji maka tsoron ka wayi gari ba fim, ba amarya, ba shago, kuma Baba ya samu hujjar da zai riƙe har ƙarshen rayuwarsa cewa zane ne ya lalata masa ɗa.

Bari mu fara da lissafi tunda kai ɗan kasuwa ne. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowane sakan ɗaya, masu katun na hannu sukan rage wahala su yi zane 12 a sakan, kowane zane ya tsaya sau biyu. Kenan minti ɗaya zane 720 ne. Minti 30 ɗinka zane 21,600 kenan. A ce kullum kana gama guda 20, ba Juma'a ba sallah ba zazzaɓi ba ɗauke wuta, kwana 1,080 za ka yi, kusan shekara uku cur, kuma ba mu sa zanen bayan fage ba, gidaje da tituna da kasuwa, ba mu sa launi ba, ba mu sa muryoyi da sauti da tacewa ba. Eh akwai dabarar da ke rage aikin, ka zana Gizo sau ɗaya ka rarraba masa gaɓoɓi, kai daban hannu daban baki daban, ka riƙa motsa su a kwamfuta kamar 'yar tsana, da yawa daga cikin katun ɗin da kake gani a YouTube haka ake yin su. Amma ko da wannan, mutum ɗaya wanda bai taɓa kammala fim na minti ɗaya ba ya ce zai gama na minti 30 a shekara guda, wata shida a ciki ma yana aji yana koyo, yana biyan haya da abinci a Legas daga cikin miliyan 1 da dubu 400 ɗin da laftof ta riga ta cinye kaso mai tsoka, kai ma in ka zauna da biro za ka ga ba ta ɓullewa.

Sai maganar "in ya fito kuɗi ya shigo". Ta ina? In YouTube ka dogara da shi, kafin su fara raba maka kuɗin talla sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu, kuma tun 2020 duk bidiyon da aka yi wa alamar na yara ne an taƙaita irin tallan da ake sa masa, ko sharhi ba a bari a yi a ƙarƙashinsa, kuɗinsa bai kai na manya ba. Fim guda ɗaya komai kyansa da wuya ya tsallake wannan. Masu cin abinci a nan su ne masu fitar da abu a kai a kai, kowane sati ko sati biyu, har mutane su saba da su.

Na faɗi wannan ne don ka gane abin da ka rasa ba shekara ɗaya ta zaman gida ba ce. Abin da ka rasa shi ne wani aiki, ko ƙarami ne, wanda ka fara ka gama ka nuna wa mutane. Shekara goma kana zane a ɓoye, kuma ɓoyon ya cuce ka ta inda ba ka lura ba, ba wanda ya taɓa ce maka hannun nan ya karkace, ko labarin nan ya yi tsayi, ko wurin nan ya ba ni dariya ƙara min. Mai zane da idon mutane yake girma.

Akwai wani bawan Allah ɗan Legas, Roye Okupe, ya tafi Amurka karatu ya karanci kwamfuta, ya yi shekaru yana aikin gina shafukan intanet yana ɗaukar albashi, shi ma burinsa katun kamar kai. Ya haɗa ɗan gajeren gwaji ya yi ta yawo da shi wajen masu kuɗi ba wanda ya zuba ko sisi, sai ya canza dabara ya mayar da labarin littafin zane tunda shi ya fi araha, ya fitar da na farko a 2015. Daga baya ya yi wani a kan wata sarauniya jaruma da ya samo hasken labarinta daga Sarauniya Amina ta Zazzau, ka ji fa, tarihinmu ne wani ya rigaye mu ɗauka. A 2021 babban kamfanin ɗab'in nan na Amurka Dark Horse ya karɓi littattafansa, sai a 2025 ɗaya daga cikinsu, Iyanu, ya zama katun a tashar Cartoon Network. Shekara goma tsakanin littafin farko da katun ɗin. Gaskiya ne shi ma ya ajiye aiki, amma ya ajiye ne bayan ya riga ya gwada hannunsa, kuma yana da abin da zai nuna.

Ga kuma na kusa da mu, Moustapha Alassane na Nijar, an haife shi a 1942, makanike ne tun asali. A Yamai ya haɗu da Bafaranshen nan mai ɗaukar fim Jean Rouch, daga nan ya samu tafiya Kanada ya koyi aiki wajen gwanin katun Norman McLaren, a shekarun 1960 ya fara fitar da katun ɗinsa, yana cikin na farko-farko a duk Afirka. Kuma me ya yi? Gajeru, na 'yan mintoci. Kwaɗi ya riƙa zanawa yana sa su mulki, akwai wanda ya sa su kokawa irin tamu ta gargajiya da 'yan kallo da komai. Daga baya ya zauna a Tawa yana da otal, a cikin ɗakunan otal ɗin ya ware wurin aikinsa, otal na ciyar da gida shi kuma yana fim, har Allah ya yi masa rasuwa a 2015. Mutumin da ake nuna aikinsa a ƙasashen duniya bai raina gajeren fim ba, bai kuma raina sana'ar da ke kawo cefane ba. Shagon yayanka shi ne otal ɗinka a yanzu.

Don haka ga abin da nake so ka yi da labarin Gizo. Kar ka fara da fim, fara da littafin. Ciro yanki ɗaya, misali ranar da Gizo ya fara hawa adaidaita ya ƙi biyan kuɗi, ka zana shi shafi takwas da maganganunsa, ka gama, ka saki a Facebook da Instagram da TikTok shafi-shafi. Riba biyu ce, kana tara masu bibiya kuma kana koyon aikin darakta ba ka sani ba, domin yawancin fina-finan katun sai an fara zana su gida-gida a takarda kafin a motsa komai, a yanke daga ina ido zai kalli abin, wa ke gaba wa ke baya, yaushe za a matso da fuska kusa. Littafin zanenka shi ne wannan tsarin. Wanda mutane suka fi so a ciki sai ka mayar da shi katun na minti ɗaya, zane 720, in kana yin 20 a rana kwana 36 ne, ka ga wannan abu ne da za a iya. Ka fara ɗaukar murya tukunna sannan ka bi ta da zane, haka ake yi. Ka nemo wanda ya iya tsamin bakin Gizo da gaske, ku shiga ɗaki mai katifa da labule da daddare in gari ya yi shiru, wayarka ta isa. Murya mai kyau tana rufa wa zane mai rauni asiri, amma murya marar kyau ko zanen ya kai me mutane wucewa za su yi.

Kayan aiki kuma, kai da ke kasuwar waya ba sai na koya maka ba. Manhajar FlipaClip a waya ma ana katun da ita. A manhajojin zane da katun na kwamfuta, Krita kyauta ce, OpenToonz kyauta ce, Blender kyauta ce, kuma kar ka raina su don kyauta ne, fim ɗin da ya ci kyautar Oska ta katun a 2025 wani ɗan ƙasar Latbiya Gints Zilbalodis ne ya yi shi da Blender, kafin nan kuma sai da ya yi shekaru yana gajeru. Laftof ta hannu mai ɗan ƙarfi da ƙaramin allon zane marar sikirin sun ishe ka shekarar farko, kuma a ribar da kake samu a shago za ka tara kuɗinsu, ko ka roƙi yaya ya tsaya maka wajen abokan kasuwarsa ka biya kaɗan-kaɗan. Kwas ɗin Legas ban ce ba shi da amfani ba, amma ba yanzu ba. Darussan farko, yadda ƙwallo ke faɗuwa ta lotsa ta tashi, yadda mutum ke tafiya ƙafa na bin ƙafa, da ƙa'idojin motsa zane goma sha biyun nan da tsofaffin ma'aikatan Disney biyu suka rubuta a 1981, duk suna nan a YouTube, data kawai za ka ƙona. In ka yi wata shida a kansu, ranar da za ka biya kuɗin makaranta ka san me kake nema, kuma kafin ka biya ka ce su nuna maka aikin ɗalibansu na baya da inda suke aiki yanzu.

Yanzu maganar da ta fi duk waɗannan nauyi, yarinyar nan. Ƙanena kuɗin naka ne, guminka ne, amma tun ranar da manya suka zauna aka sa rana suka tashi daga naka kai kaɗai, akwai alkawari a kansu. Rana ba ta ƙarya sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, a nan kuwa ba uwar ɗiya kaɗai ba, har naka iyayen. Ka yi tunanin babanta yana can yana ta fafutukar kayan ɗaki, wataƙila an sayar da wani abu wataƙila an ci bashi, ita kuma ta kori kowa shekara uku saboda kai, sai kawai ta ji a bakin mutane wai ka tafi Legas koyon katun da kuɗin akwatinta. Ko fim ɗin ya yi nasara wannan tabon ba zai goge ba. Abin da ya fi damuna ma, shekara uku kuna tare amma abin da ya fi komai girma a zuciyarka ba ta san zurfinsa ba. Ka je zance wannan satin da zanenka a hannu, ka nuna mata, ka faɗa mata gaskiya har da tunanin da ka yi na taɓa kuɗin da kuma cewa ka fasa. Ka ce mata bayan aure akwai dare uku ko huɗu a sati da za ka zauna kan aikin nan awa biyu, kuma akwai lokacin da wani abu daga cikin kuɗinka zai tafi wajen kayan aiki. Ka saurari amsarta da kyau. In ta karɓa, ka samu abokiyar tafiya, wa ya sani ko ita ce muryar Ƙoƙi. In ma ita da kanta ta ce a rage wani abu a lefen a sai maka allon zane, ba laifi, amma ya fito daga bakinta kuma da sanin iyayenta mata, kar kai ka roƙa. In kuma ta nuna sam ba za ta zauna da mai wannan sana'ar ba, gara ku sani yanzu ku nemi manya su shiga, da ku sani bayan ta tare.

Kuma ka cire wa ranka cewa aure kabarin buri ne. Abin da ke kashe irin wannan burin shi ne yunwa da bashi da rashin kwanciyar hankali a gida. Mutumin da ke da ɗakinsa, ya dawo ya ci abinci ya buɗe laftof a fili ba ya tsoron a leƙo, ya fi wanda ke zane ƙarƙashin bargo damar gama aiki.

Baba kuma. Na san ƙonawar nan ta yi maka ciwo kuma ba zan ce ta yi daidai ba, amma ka duba daga inda yake tsaye. Tsoro biyu ne a ransa, tsoron kar ɗansa ya shiga cikin masu sura da hadisai ingantattu na Bukhari da Muslim suka yi wa gargaɗi mai tsanani, da tsoron kar ka tsufa ba sana'a. Duk biyun ƙauna ce ta kawo su. Na farkon ba abin wasa ba ne, kuma ba a shafin shawara ake yanke shi ba. Abin da ke sananne shi ne malamai sun yi saɓani, akwai masu hana zanen duk wani mai rai, a mazhabar Malikiyya kuma wadda ita aka fi bi a ƙasar nan, haramcin ya fi karkata ga sura mai jiki cikakkiya wadda ke da inuwa kamar gunki, zanen da ke shafe a takarda hukuncinsa bai kai nan ba, sannan malaman zamani sun tattauna batun katun na koyar da yara. Kar ka kwaso fatawa a waya ka je kana ja-in-ja da mahaifinka, ba za ka ci riba ba ko kai ke da hujja. Ka je wajen malamin da shi Baba yake girmamawa, kai kaɗai tukunna, ka nuna masa ainihin abin da kake yi, ka tambaya don Allah, don kai ma zuciyarka ta natsu, ba don neman wanda zai goya maka baya ba. In ya ba ka hanya, sai ka roƙe shi ko wani baffanka da Baba ke jin nauyinsa su yi masa magana. In kuma ya tsananta kuma ka ji hankalinka ya kwanta da maganarsa, ƙofa ba ta rufe ba, akwai masu yin katun ba tare da zana fuska ba, akwai tallan rubutu mai motsi, akwai zanen gidaje na kwamfuta da magina ke biya a yi musu, akwai bidiyon koyar da lissafi da kimiyya, duk hannu ɗaya ne ke yin su. Umma kuma ka bar ta yadda ta roƙa, kar ka sa ta tsakaninka da mijinta, addu'arta kawai ka nema.

Tsoronsa na biyu ba baki ke maganinsa ba, gani ya kori ji. Ranar da ka yi wa wata makarantar kuɗi ko wani mai shago tallan sakan 30 aka biya ka, ka sayi wani abu ka kai gida ka ce Baba wannan daga aikin kwamfutar nan ne. Irin waɗannan ƙananan ayyukan su ne abincin masu katun kafin babban fim ya zo, tallan kasuwanci, bangon littafi ga marubutan Hausa da suka cika intanet, saƙonnin lafiya da tsafta na ƙungiyoyi. Tallan farko ma ka yi wa shagon yayanka kyauta, a kasuwar nan kaɗai in ya yi kyau za ka samu masu nema. Duk wanda zai ba ka aiki ka karɓi kafin alƙalami, ku rubuta nawa ne da sau nawa za a yi gyara, kuma siffar Gizonka da ka ƙirƙira kar ka sayar wa kowa ita ɗungurungum, hayarta za ka bayar. Ranar da za ka buga littafi ko ka kai fim kasuwa a Kano ka tuna akwai hukumar tace fina-finai da ɗab'i, ka bi ta ƙofarta tun da wuri.

Yayanka ya ɗauke ka lokacin da ba ka da komai, bai cancanci ya buɗe shago wata safiya ya ji ka tafi ba. Ka same shi ku yi magana ta 'yan'uwa, ka roƙi ya riƙa sakinka bayan la'asar kwana biyu a sati, kai kuma ka ɗauki nauyin koya wa yaron shago abin da zai riƙe wurin. Ka sa wa kanka ma'auni, in kuɗin zane ya kai abin da kake samu a shago wata shida a jere, a lokacin ne za a fara maganar barin shago, kuma da sallama mai kyau.

Daga yau zuwa babbar sallah abu huɗu nake jira daga gare ka, ka yi magana da ita, ka ga malamin, ka zauna da yaya, ka gama shafi takwas ɗin nan. Kuɗin lefe kuma gobe-goben nan ka damƙa su hannun yayarka ko gwaggon da za ta haɗa akwatin, su bar hannunka, don daren da zuciya za ta sake taso maka ta tarar ba sa nan. In ka gama shafukan ka turo min, akwai yara a gidan nan da zan zaunar in karanta musu, duk inda suka yi dariya da inda suka tashi suka bar ni zan faɗa maka. Allah ya sanya alheri a auren, ya sa albarka a hannun nan naka.